Sabunta Igamar Iyali a Saudiyya: Tambayoyi da Amsoshi

Na yi shekaru ina zaune a Jidda da iyalina, kuma babu wajen suna ko ɗaurin aure da za mu haɗu da 'yan'uwa a tashi ba a taɓo maganar igama ba, wato takardar izinin zama. Ta maigida ba ta cika tayar da hankali ba, don kamfani ke ɗauke da ita. Ta matar gida da ta yara ce ke hana mutum barci. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Malam, igamar matata da ta yarana daban ake sabunta su, ko tare da tawa?

Tare suke tafiya. Igamar iyali rataye take a wuyan taka: ranar da taka ta ƙare tasu ta ƙare, ranar da aka sabunta taka tasu ta bi. Hukumar da ke kula da wannan ita ce Jawazat, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida. Kamfaninka zai shiga Muqeem, shafin da kamfanoni ke yin hidimar igama, ko sashen kamfanoni na Absher, manhajar hidimomin ma'aikatar cikin gida, ya sabunta taka, amma na'ura ba za ta amsa masa ba sai ta ga babu abin da ake bin iyalinka. Shi ya sa sau da yawa ma'aikacin kamfani zai kira ka ya ce igamarka ta ƙi wucewa, ka je ka duba, sai ka tarar kuɗin yaro ɗaya ne ba a biya ba.

Kada katin da ke aljihunka ya ruɗe ka. Tun 2015 aka koma katin da ake kira Hawiyyatu Muƙim, wanda ake riƙewa shekara 5, amma izinin zaman da ke bayansa sabunta shi ake yi a na'ura duk lokacin da ya ƙare. Kati na iya zama fes a hannu alhali igamar ta mutu. Absher ne ke faɗin gaskiya.

Ina jin ana cewa tabi'i da murafiƙi. Mene ne bambancinsu?

Tabi'i shi ne matarka ta fari, 'ya'yanka mata, da 'ya'ya maza da ba su kai shekara 18 ba. Murafiƙi kuwa ya haɗa da ɗa namiji da ya haura 18, mata ta biyu zuwa ta huɗu, da iyaye. Amfanin sanin wannan shi ne kuɗi: murafiƙi akwai riyal 500 na igamarsa da ake biya duk shekara, ban da kuɗin wata-wata da kowa ke biya. Mai mata biyu ya sa wannan a lissafinsa.

To nawa ne ainihin kuɗin wata-watan nan?

Riyal 400 a kan kowane mutum, kowane wata. Larabawa na kiransa muƙabilul mali, mu kuma mukan ce kuɗin iyali kawai. An fara shi ranar 1 ga Yuli 2017 da riyal 100, ya koma 200 a Yulin 2018, ya koma 300 a 2019, sannan ya tsaya a 400 daga Yulin 2020. Gwamnati ta kawo shi cikin matakan samun kuɗin shiga da ba na man fetur ba, bayan faɗuwar farashin mai, kuma ya fi shafar iyalan masu aiki a kamfanoni masu zaman kansu.

Bari mu yi lissafin a fili, don a nan mutane ke yaudarar kansu. Mutum ɗaya riyal 4,800 ne a shekara. Mai mata ɗaya da yara huɗu yana da mutum biyar: riyal 2,000 a wata, 24,000 a shekara. Tunda riyal 3.75 ke dala ɗaya, dala 6,400 ke nan, kafin a yi maganar haya, makaranta ko cefane. Jariri na goye 400 ne, kamar yadda uwarsa take 400. Na san gidajen da wannan kuɗi ya raba, uwa da yara suka koma Kano ko Damagaram, maigida ya koma ɗakin gwauraye da abokan aiki. Ba su yi ganganci ba, lissafi ne ya ƙi fita. A ganina gara mutum ya zauna da matarsa su kalli wannan adadi ido da ido tun kafin ya nema musu biza, da a kawo su a yi shekara biyu sannan a kwashe yara a tsakiyar zangon karatu.

Akwai waɗanda ba ya hawa kansu, kamar matar ɗan Saudiyya, da 'ya'yan da mahaifiyarsu 'yar Saudiyya ce, da masu igama ta musamman da aka ɓullo da ita a 2019, wadda ake biyan riyal 800,000 don ta dindindin ko 100,000 don ta shekara. Wannan igama ta musamman ta manyan 'yan kasuwa ce.

Ni zan biya ko kamfani?

Sashe na 40 na dokar ƙwadago ya ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin igamar ma'aikaci da lasisin aikinsa da sabunta su, har da tarar da jinkirinsa ya jawo. Kuɗin iyali bai shiga ciki ba. Naka ne, sai fa in kwantiraginka ya ce kamfani zai ɗauka. Wasu asibitoci da manyan kamfanoni kan ɗauke wa ma'aikatansu. In ana cinikin sabon aiki, ka yi maganarsa kafin ka sa hannu, kuma a rubuta a cikin kwantiragin da ke Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago da ake rajistar kwantiragi. Alkawarin baki ba ya biyan SADAD, wato tsarin da ake biyan kuɗaɗen gwamnati ta banki.

Ba ni da kuɗin shekara gaba ɗaya. Akwai sauƙi?

Akwai. Tun ƙarshen 2021 ana iya sabunta igama na wata 3, 6, 9 ko 12, kuɗin iyali kuma ya bi gwargwadon haka. Mai mutum biyar ɗin nan zai biya 6,000 na wata uku maimakon 24,000 a tashi ɗaya. Sai dai ku daidaita da kamfani tukuna, don su ne ke zaɓar tsawon wa'adin. Kada ka biya na wata uku su kuma su nemi na shekara, abin ba zai wuce ba.

Biyan kansa ba wuya. A manhajar bankinka ko a injin cirar kuɗi ka shiga SADAD, ka zaɓi kuɗaɗen gwamnati, sannan hidimomin mazauna, sannan kuɗin murafiƙai. Ka sa lambar igamarka da ranar da kake son biyan ya kai, na'ura za ta fitar maka da adadin. Shawarata ita ce ka ware 400 na kowane mutum ranar da albashi ya shigo, a wani asusu daban da ba ka taɓawa. Da yayyafi kogi kan cika.

Na biya komai amma an ce abin ya ƙi. Me ke riƙe shi?

Abu huɗu nake fara dubawa. Fasfon wani daga cikin iyali ya ƙare. Ko inshorar lafiya ta wani ba ta fito a na'ura ba. Ko yaro ya kai shekara 6 ba a kai shi an ɗauki zanen yatsunsa da hotonsa a Jawazat ba. Ko kuma akwai tarar hanya a kanka, irin wadda kyamarar Sahir ke ɗauka ba ka sani ba.

Na yatsun nan ya taɓa kama ni. 'Yata ta cika shekara shida muna ta hidimar sa ta makaranta, ban tuna ba sai da igamarmu ta rage kwana tara. Na nemi ranar ganawa a Absher, na ɗauke ta da sassafe da kayan makarantarta, muka zauna layi, ma'aikaci ya ɗora 'yan yatsunta a kan gilashi ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki hoto. Aikin bai kai minti biyar ba, amma da na ƙara mako guda da tara ta hau mu.

Game da inshora: doka ta wajabta wa kamfani ya yi wa ma'aikaci da matarsa da 'ya'yansa maza har shekara 25 da 'ya'ya mata marasa aure da ba sa aiki. Haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Kana iya dubawa da lambar igamar kowane yaro a shafin hukumar inshorar lafiya ka ga ko sunansa ya shiga.

Fasfon uwargida ya kusa ƙarewa. Yaushe za mu fara?

Wata shida kafin ya ƙare, in da hali ma fiye. Najeriya na da ofishin jakadanci a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda, Nijar ma haka. Ɗan Najeriya ba zai sami fasfo ba sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, har jarirai, kuma dole suna da ranar haihuwa su zo ɗaya a NIN da fasfo. Irin sunayenmu kuwa, Aisha a nan, A'ishatu a can, Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, su ne ke cinye watanni. Babba ya nemi mai shekara 10 in zai iya.

Idan sabon fasfo ya fito aiki bai ƙare ba. Sai an yi naƙalul ma'alumat, wato a shigar da lambar sabon fasfon a na'urar Jawazat, kuma maigida na iya yi wa iyalinsa ta Absher. Wanda ya manta da wannan, a wajen hukuma tsohon fasfonsa ne yake aiki, kuma wasu sai a filin jirgi suke ganewa.

Me zai faru in igamar ta ƙare ba a sabunta ba?

Tarar riyal 500 karo na farko, 1,000 karo na biyu, na uku kuma tarhil ne, wato mayar da mutum ƙasarsa. Amma tun kafin nan rayuwa ke fara tsukewa: banki na iya rufe asusu, bizar fita da dawowa ba za ta fito ba, rajistar yara a makaranta ta tsaya. Kuɗin iyali kuma bai daina hawa ba, yana taruwa.

A kula da kalanda. An daɗe ana ƙidaya igama da lissafin Hijira, shekarar Hijira kuma ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 zuwa 11. In da wannan lissafin ake tafiya, wanda ya riƙe a ransa cewa tasu a watan Maris take ƙarewa, bayan shekara uku zai tarar ta dawo Fabrairu. Ka rubuta ranar da lissafin biyu ka manna a jikin firji, inda uwargida ma za ta riƙa gani.

Kamfani ne ya ƙi sabunta tawa, ga iyalina sun maƙale. Ya zan yi?

Wannan ita ce mafi ciwo, don laifin ba naka ba ne amma yaranka ke ɗanɗanawa. Wani lokaci kamfanin ba shi da kuɗi, wani lokaci ya faɗa jan layi a tsarin Niɗaƙat, wanda tun 2011 ake auna kamfanoni da shi kan yawan 'yan ƙasa da suka ɗauka, kuma na jan layi ba a barinsa ya sabunta lasisin aiki. Kada ka zauna jiran "bukura in sha Allah", wato sai gobe, wata da watanni. Tun gyaran dokar ƙwadago da ya fara aiki ranar 14 ga Maris 2021, ma'aikacin da igamarsa ko lasisin aikinsa ya ƙare, ko aka yi wata uku a jere ba a biya shi albashi ba, yana iya komawa wani kamfani ba tare da yardar kafili ba, wato wanda igamarsa ke ƙarƙashinsa, iyalinsa kuma su bi shi. Ka kira ma'aikatar ƙwadago a 19911, ka shigar da ƙara. Ana fara sulhu, in bai yiwu ba a tura kotun ƙwadago. Ka adana saƙonnin da ka aika musu kana tuni, su ne shaidarka.

Ɗana ya cika 18. Za a cire shi daga kaina?

Ba nan take ba. Zai koma murafiƙi, a fara biyan 500 ɗin nan, kuma a kan nemi takardar makaranta da ke nuna yana karatu. Idan ya kai 25 ba ya ci gaba da zama a ƙarƙashin uba, sai ya sami aiki a mayar da kafalarsa kan kamfani, ko ya fita. 'Ya mace tana nan a kanka muddin ba ta yi aure ba. In ta auri mazaunin ƙasar, sai a mayar da ita kan mijinta.

Iyaye, ku fara wannan tunani tun yaro yana 16. Yaran da aka haifa a nan Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu, wasu ba su taɓa yin damina a gida ba. A jefa irin wannan yaro jirgi yana ɗan 25 ba shiri, ba ƙaramin abu ba ne. Ko dai a nema masa sana'ar da ake ɗauka a nan, ko a fara sabar masa da gida tun da sauran lokaci.

Allah ya sauki matata lafiya. Me za mu yi wa jaririn?

Allah ya raya. Asibiti zai ba da sanarwar haihuwa, da ita za ka karɓi takardar haihuwa a ofishin Ahwalul Madaniyya, wato hukumar rajistar jama'a, sannan NIN da fasfo a ofishin jakadanci, sannan Jawazat ta ƙara shi a kanka, a kuma sa shi a inshora. Haihuwa a Saudiyya ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa, shi ma sai da igama. Ka fara tun ana shirin yanka ragon suna, domin jinkiri na jawo tara, kuma jaririn da ba shi da igama ba za a yi tafiya da shi ba ko da rasuwa aka yi a gida.

Iyalina suna gida hutu, igama za ta ƙare kafin su dawo.

Ana iya sabuntawa suna waje, muddin kai ka cika sharuɗɗan. Abin tsoron shi ne bizar fita da dawowa, kuruj wa auda. Ta tafiya ɗaya riyal 200 ce na wata biyu, kowane ƙarin wata 100. Ta shiga da fita sau da yawa 500 ce na wata uku, ƙarin wata 200. Ba ta fitowa sai fasfo na da aƙalla kwana 90, kuma an biya kuɗin iyali har ranar dawowa. In suna can aka ga ba za su dawo kan lokaci ba, ana iya tsawaita ta ta Absher, amma kuɗin ƙarin watan ninki biyu ne ga wanda ke waje. Mu kuma mun san yadda zuwa gida yake: a tafi don wata guda, bikin ƙanwa ya taso, Hajiya ta ce a bar mata jikoki su ƙara kwana biyu. Ka sayi ƙarin wata tun farko, ya fi araha. Kuma ko sun yi wata biyar a Katsina, 400 ɗin kowane wata na nan.

Yaya, ni matar gida ce. Komai a hannun maigida yake. Akwai abin da zan iya sani da kaina?

Ƙanwata, akwai, kuma ina roƙonki ki sani. Da lambar igamarki kina iya buɗe naki asusun Absher da layin waya mai sunanki, ki ga ranar ƙarewar igamarki, ki ga katinki a waya. Ki san inda fasfonki da na yara suke, ki ɗauki hotonsu, haɗe da takardar aure da takardun haihuwa. Wannan ba rashin yarda da miji ba ne. Na ga baiwar Allah da mijinta ya kwanta asibiti ba ya iya magana, ba ta san lambar sirrinsa ba, ba ta san igamarsu saura kwana nawa ba, saƙon tabbatarwa kuma wayarsa yake zuwa, ita kuma a kulle. Sai da 'yan'uwa suka yi ta zirga-zirga kafin abin ya warware. Magidanta, mu ma mu daina ɗaukar wannan a matsayin sirrin maza.

Zan iya yin aiki ko 'yar sana'a da igamar iyali?

Igamar iyali ta zama ce, ba ta aiki ba. Mai shaidar koyarwa ko ta aikin lafiya tana iya samun izini ta tsarin Ajeer ta yi aiki tana kan mijinta, ko a mayar da kafalarta kan wajen aikin. Amma shiga gidajen Larabawa aikin shagala, wato aikatau, ko kasa kaya a bakin titi, in aka kama akwai tara da tarhil, kuma abin na iya shafar maigida. Na san matsi ne ke kai mata ga haka, sau da yawa ma don a haɗa kuɗin iyalin nan ne. Duk da haka abin da za a rasa ya fi abin da za a samu.

In aure ya mutu, ko maigida ya rasu fa?

Igamar ba ta mutuwa a ranar, amma ginshiƙinta ya faɗi, ba za a sake sabunta ta a kan wannan tushe ba. Mafita ita ce a mayar da matar kan wani da doka ta yarda, kamar wajen aiki ko ɗanta mai aiki, ko a yi mata bizar fita ta ƙarshe. A je Jawazat da takardar saki ko ta rasuwa da wuri, ko a kira su a lambar 992, a kuma sanar da ofishin jakadanci. In rasuwa ce, iyali su nemi haƙƙin ƙarshen aiki na mamacin a wajen kamfani, nasu ne. Wanda kuma ya saki mace ya riƙe fasfonta ko ya bar igamarta ta mutu don ya huce haushi, ya ji tsoron Allah. Ita da 'ya'yansa yake jefawa cikin zaman ɓuya.

Wani ya ce in na ba shi kuɗi zai juya bizar umara ko ta ziyara ta zama igama.

Kada ka ba shi ko riyal ɗaya. Bizar umara ba ta komawa igama. Ta ziyara ma ba ta komawa ga babba. Hanyar kawo mata ita ce istiƙdam, wato neman bizar zama ta iyali, wadda ke duba sana'ar da ke rubuce a igamarka. Duk abin da ya halatta a wannan harka yana da rasit na SADAD kuma yana fitowa a Absher. Wanda ya ce a ba shi a hannu, yana da mutum a ciki, ƙarshenta ko ya ɓace, ko ya kawo takardar jabu da za ta kai ka kurkuku. Mun ga yadda aka kwashi mutane a samamen 2013, mun ga layin masu neman fita a afuwar 2017, da yawansu da irin wannan alkawari aka zaunar da su.

Mai igamar iyali zai iya aikin Hajji?

Zai iya, da tasrihi, wato takardar izinin Hajji, ta manhajar Nusuk, sau ɗaya a shekara 5, kuma sai igama na da rai. Shiga ba izini a 2025 tararsa ta kai riyal 20,000, ga tarhil da hana shigowa na shekara 10. Mata guda ta bi ta ɓarauniyar hanya, gida gaba ɗaya ya watse.

Na yi lissafi, ba zan iya ba. Ta yaya zan mayar da su gida ba tare da matsala ba?

Ba abin kunya ba ne, Alhaji. Ka yi shi igama na da rai. Za ka fitar musu da kuruj niha'i, wato bizar fita ta ƙarshe, ta Absher, kyauta ne, amma sai an biya kuɗin iyali har ranar tafiya. Wa'adin fitarsu ba ya wuce kwana 60. In aka fasa tafiyar a soke bizar kafin ta ƙare, in ba haka ba tarar 1,000 ce. Wanda ya fita ta wannan hanya sunansa a wanke yake, gobe in hali ya samu ana iya sake nema masa biza.

Kafin ranar jirgi, ka karɓo takardun makarantar yara na kowace shekara, a buga musu hatimin hukumar ilimi da na ma'aikatar harkokin waje, don makarantar gida za ta tambaya kafin ta san ajin da za ta sa su. Ka haɗa da katin rigakafi, da ainihin takardun haihuwa, da rahoton likita in akwai mai shan magani. A sa su a jakar hannun uwargida, kada a zuba su a cikin kayan da za a aika ta kago.